Kason noma a hayaƙin da ƙasashe ke fitarwa: me ya sa na Nijar ya ninka na Amurka sau takwas?

Malama Rabi, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan sauyin yanayi, inda nake so in nuna musu jadawalin kason da noma da kiwo ke da shi a cikin iskar da ke ɗumama duniya wadda kowace ƙasa ke fitarwa. Alƙaluman da na tattara sun ɗaure mini kai. A Amurka kason noma kimanin kashi 10 ne cikin 100, a Tarayyar Turai ma kusan haka, a Indiya kimanin kashi 14, a Ayalan kusan kashi 38, a Niyu Zilan kusan rabi, sai Jamhuriyar Nijar da rahotonta ya ba noma da kiwo da daji fiye da kashi 80. Idan na ajiye wannan jadawali a gaban yara, abin da za su fahimta shi ne makiyayin Tahoua ya fi mai katafariyar gonar masara a Amurka gurɓata sararin sama, kuma hankalina bai kwanta da wannan fahimta ba. Tambayata ta biyu ta shafi Nijeriya, domin na ga wani rahoton gwamnati da ya ba wannan ɓangare fiye da kashi 60, na kuma ga wani da ya ba shi kashi 25 kacal. Ina roƙon masana da ke wannan zaure su fayyace mini yadda ake kwatanta ƙasashe ba tare da an yi wa wata rashin adalci ba.

Malam Bashir, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malama. Alƙalumanki daidai suke, matsalar tana wajen abin da kaso ke iya faɗa da abin da ba zai iya faɗa ba. Kaso sakamakon rabawa ne, ana ɗaukar hayaƙin noma a raba shi da jimillar hayaƙin ƙasa, saboda haka yana iya yin girma ta hanya biyu: ko dai noman yana fitar da hayaƙi mai yawa, ko kuma sauran ɓangarorin, wato lantarki da masana'antu da sufuri, ba su taka kara sun karya ba. Talaka yana iya kashe kashi 80 na abin da yake samu a kan abinci, attajiri ya kashe kashi 10, amma babu mai cewa tukunyar talakan ta fi ta attajirin nauyi.

Mu duba adadin kansa. Amurka tana fitar da fiye da tan miliyan 6,000 a shekara, kuma kashi 10 ɗin nan na noma ya kai kimanin tan miliyan 600. Niyu Zilan gaba ɗayanta ba ta wuce tan miliyan 80 ba, rabin da ake magana a kai kuwa kimanin tan miliyan 40 ne. Ke nan noman Amurka ya ninka na Niyu Zilan kusan sau 15, alhali a jadawalinki Niyu Zilan ce a sama. Indiya, a lissafinta na shekarar 2016, ta nuna cewa noma ya fitar da fiye da tan miliyan 400, kuma wannan ne kashi 14 ɗin da kika gani. Nijar kuwa, ko an haɗa duk abin da take fitarwa daga shanu har motoci, bai kai kashi 1 cikin 100 na hayaƙin Amurka ba. Kasonta ya yi sama ne saboda ƙasa ce da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ke samun wutar lantarki, masana'antunta ƙalilan ne, dukiyar mafi yawan jama'arta kuma tana tafiya da ƙafa huɗu.

Dalilin Niyu Zilan ya sha bamban da na Nijar duk da cewa su biyun suna sama a jadawali. Mutanenta miliyan 5 ne da ɗoriya, tumakinta sun haura miliyan 20, shanunta sun kusa miliyan 10, sannan fiye da kashi 80 na lantarkinta daga ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa da iska yake fitowa. A can abu biyun ne suka haɗu, kiwo mai yawa da lantarki mai tsabta.

Akwai wani misali da nake ganin zai amfani ɗalibanki, domin yana nuna kaso yana hawa alhali hayaƙin yana sauka. A shekarar 1990 noma bai wuce kimanin kashi 7 na hayaƙin Birtaniya ba, yau kuwa ya kai kimanin kashi 12, duk da cewa hayaƙin gonakin ƙasar ya ragu a tsawon wannan lokaci. Abin da ya faru shi ne sun daina ƙona kwal domin samar da lantarki, har suka rufe tasharsu ta ƙarshe mai aiki da kwal a watan Satumba na 2024, sai jimillar ta ragu da kusan rabi, kason manomi ya bayyana babba ba tare da ya ƙara ko saniya ɗaya ba.

Malam Isufu, Maraɗi:

Na gode wa Malam Bashir da wannan bayani. Zan ɗauki tambaya ta biyu, domin amsarta ta shafi Nijar kamar yadda ta shafi Nijeriya. Kafin a kwatanta ƙasa da ƙasa, dole a tambayi abin da kowane rahoto ya sa a cikin buhun da ya kira noma. Ƙa'idojin lissafi na shekarar 2006 da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya fitar sun haɗa noma da kiwo da daji da sauran amfani da ƙasa a ɓangare guda. Ƙasashe masu arzikin masana'antu sun saba raba su biyu a rahotanninsu, su ba da noma da kiwo daban, daji da ƙasa daban, yayin da yawancin ƙasashenmu ke ba da su a dunƙule. Saboda haka kashi 10 na Amurka bai ƙunshi daji ba, amma fiye da kashi 80 na Nijar ya ƙunsa, kuma ajiye su a layi ɗaya kuskure ne tun daga tushe.

Burazil ce ta fi nuna girman wannan bambanci. Idan aka tsaya ga shanu da taki da gonaki, noma yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙinta ko ɗan fiye da haka. Idan aka haɗa da sare daji a Amazon da yankin Serado, wanda mafi yawansa ana yin sa ne domin buɗe makiyaya da gonakin waken suya, jimillar tana kaiwa kusan kashi uku cikin huɗu. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne, kuma kowane ɓangare a muhawarar ƙasar yana ɗaukar wanda ya dace da maganarsa.

Game da Nijeriya, rahotannin da aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya kan shekarun 2015 da 2016 sun ba noma da daji fiye da kashi 60, jimillar hayaƙin ƙasar kuma ta haura tan miliyan 600. Amma takardar alƙawarin rage hayaƙi da aka sabunta a 2021 ta ce a shekarar 2018 jimillar kimanin tan miliyan 347 ce, makamashi ya ɗauki kashi 60, noma da daji kuma kashi 25. Nijeriya ba ta rage rabin hayaƙinta cikin shekara biyu ba. Abin da ya sauya shi ne ƙiyasin da aka yi wa sare daji da ɗibar itace, kuma da wannan adadi ya sauko, sai kason man fetur da dizal da janareta da ƙona gas a Neja Delta ya hau sama. Shawarata, Malama, ki rubuta shekarar kowane adadi da sunan rahotonsa a gefensa, ki kuma faɗa wa yara cewa ɓangaren daji ne ya fi kowane ɓangare rashin tabbas.

Wani abin da ke damuna shi ne ana saurin ƙirga itacen da aka sare, ana jinkirin ƙirga wanda ya tsiro. A nan jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan da ke toho a gonakinsu, suna sassabe su bar reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ya girma, maimakon su tumɓuke su kamar da. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan aiki ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa zai ga gawo a tsaye cikin gonakin gero, ya kaɗe ganyensa da damina ya bar wa hatsi hasken rana, ya kuma fitar da ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Waɗannan bishiyoyi suna zuƙar iskar kabon, amma da yake a warwatse suke cikin gonaki, ma'aunin da aka tsara domin gandun daji mai duhu ba ya kama su yadda ya kamata.

Haka kuma akwai hayaƙin da noma ke jawowa amma ba a rubuta shi a shafin noma. Dizal ɗin tarakta da na injin ban ruwa suna shafin makamashi, gas ɗin da masana'anta ke sha wajen haɗa takin yuriya yana shafin masana'antu, sanyaya nama da jigilarsa ma ba sa shafin noma. Wannan tsari yana rage wa manomin da ke aiki da injuna kaso, manomin da ke aiki da garma da fartanya kuwa kusan duk hayaƙinsa yana nan a shafinsa. Shi ya sa IPCC ta ce noma da daji da amfani da ƙasa sun ɗauki kimanin kashi 22 na hayaƙin duniya a 2019, amma idan aka bi abinci tun daga gona har kwano, ƙiyasin yana kaiwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Dakta Aminu, Sakkwato:

Ni likitan dabbobi ne, don haka zan tsaya ga saniya. Mafi yawan hayaƙin kiwo iskar metan ce da ƙwayoyin halitta ke samarwa a tumbin dabba mai tuƙa yayin narkar da ciyawa, kuma ta hanyar gyatsa take fita. Babu ƙasar da ke auna kowace dabba. Abin da ake yi shi ne a ninka yawan dabbobi da wani adadi da aka tsayar, kuma ƙa'idojin 2006 sun tsayar da kilo 128 na metan a shekara ga saniyar tatsa ta Arewacin Amurka, kilo 46 ga ta Afirka, kilo 31 ga sauran shanun Afirka, kilo 5 ga akuya, kilo 46 ga raƙumi. Ƙasashe irin su Niyu Zilan da Ayalan sun daɗe da barin wannan adadi na bai ɗaya, suna amfani da nauyin dabbobinsu da yawan madararsu da irin abincinsu. Yawancin ƙasashenmu suna nan a matakin farko, kuma ko yawan dabbobin da ake ninkawa ƙiyasi ne da aka ɗora a kan tsohuwar ƙidaya.

Wanda ya san Bunaji ko Rahaji ya san cewa saniyar da ya gani da kaka ba ita ce zai gani da bazara ba. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa haƙarƙarinta a fili yake, tana lasar busasshen kara da ɗan abin da ya rage na harawa, kuma dabbar da ba ta ci ta ƙoshi ba ba za ta fitar da metan daidai da wadda ke kan ɗanyar ciyawa duk shekara ba. Cibiyar Mazingira ta hukumar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi tana auna shanun Afirka kai tsaye domin gyara waɗannan alƙaluma, kuma wani bincike da aka yi a yankin Ferlo na Senegal ya gano cewa idan aka haɗa abin da bishiyoyi da ƙasar makiyaya ke zuƙa, lissafin kiwon yawo a can yana kusan tashi babu ci babu rashi.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Idan aka raba hayaƙin da yawan madara, saniyarmu ce ke baya, domin ta Amurka tana ba da kimanin lita 10,000 a shekara, tamu kuwa lita ɗaya zuwa biyu a rana, a watannin da take shayarwa kawai. Kowace lita tamu tana ɗauke da hayaƙin da ya ninka tasu sau da dama. Ana iya amsawa da cewa saniyarmu tana ja garma, tana ba da taki, ita ce kuma asusun gida ranar biki ko rashin lafiya, kuma wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta kawar da cewa rigakafi da ruwan sha da abincin rani za su ƙara madara su rage hayaƙin kowace lita a lokaci guda.

Abu na ƙarshe shi ne ma'aunin da ake mayar da metan zuwa kabon da shi. Tsofaffin rahotanni sun ɗauki tan ɗaya na metan daidai da tan 21 na kabon, daga baya aka koma 25, yanzu kuma ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta 2015 ana amfani da 28. Sauyawa daga 21 zuwa 28 kaɗai tana ƙara wa hayaƙin garke kashi ɗaya cikin uku a takarda. Kada a kwatanta rahoton da ya yi aiki da tsohon ma'auni da wanda ya yi aiki da sabo.

Hajiya Binta, Kano:

Na karanta bayanan malamaina uku, na kuma amfana, amma ina jin tsoron kada Malama Rabi ta fita da tunanin cewa kason ba shi da wani amfani. Yana da amfani babba, domin shi ne ke nuna wa kowace ƙasa inda aikinta yake. Jamus tana iya cika mafi yawan alƙawarinta ta hanyar gyara lantarki da motoci da masana'antu, tun da noma bai kai kashi 10 na hayaƙinta ba. Ayalan ba ta da wannan mafita. Bayan Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da kowace ƙasa za ta samar a watan Afrilu na 2015, garken tatsa na Ayalan ya bunƙasa har ya kai kimanin shanu miliyan 1.6, kuma a 2022 gwamnati ta ɗora wa noma rage kashi 25 na hayaƙinsa kafin 2030 bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin manoma. Niyu Zilan ta sa wa metan ɗin dabbobi nasa burin ragewa daban a dokarta ta 2019, gwamnatin firaminista Jacinda Ardern ta gabatar da shirin sa wa hayaƙin gonaki farashi a 2022, gwamnatin firaminista Christopher Luxon kuma ta soke shirin a 2024. Danmak ce ta kai ga yarjejeniya a wannan shekarar ta 2024 cewa za ta fara karɓar haraji a kan hayaƙin dabbobi daga 2030. Duk waɗannan rigingimu sun taso ne a ƙasashen da kason nomansu ya yi yawan da ba za a iya kauce masa ba.

Ƙarin da nake so in yi shi ne batun ciniki, wanda ya shafe mu kai tsaye. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗora hayaƙi a kan ƙasar da aka samar da kaya, ba ya duban wanda ya ci. Niyu Zilan tana fitar da kimanin kashi 95 na madararta zuwa waje, Ayalan ma tana sayar da kusan kashi 90 na naman shanu da kayan madararta a ƙetare, kuma Nijeriya tana cikin masu sayen madarar gari daga ƙasashen biyu. Madarar da mai shayi ke zubawa a kofi da asuba a bakin kasuwar Sabon Gari, metan ɗin saniyar da aka tatsa yana rubuce a littafin wata ƙasa. Haka waken suya da naman Burazil da ke tafiya ƙasar Sin. Japan, wadda ke shigo da fiye da rabin abincinta, noma bai wuce kimanin kashi 4 na hayaƙinta ba, kuma wannan ba shaida ce ta cewa cimar Japanawa ba ta ɗumama duniya ba. Idan Nijeriya ta yi nasarar samar da madararta da shinkafarta a gida, kason nomanta zai hau, kuma bai kamata a ɗauki hakan a matsayin koma baya ba.

Malama Rabi, Katsina:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya ta ambaci shinkafa, ni kuwa yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoma ne, wasunsu na noman rani. Ina son sanin matsayin shinkafa da takin zamani a wannan lissafi, da kuma yadda zan sake tsara jadawalin.

Malam Bashir, Zariya:

Shinkafar da ke fitar da metan ita ce wadda ruwa ke kwanciya a gonarta, domin ƙasar da ruwa ya rufe ba ta samun iska, sai ciyayi da tushiya su ruɓe su fitar da wannan iska. Shinkafar tudu da ruwa ba ya taruwa a ƙarƙashinta ba ta da wannan matsala sosai. Shi ya sa a Bangaladesh da Biyetnam da Tailan shinkafa ke ɗaukar babban kaso na hayaƙin noma, kuma lamarin ya shafi gonakin ban ruwa na Kadawa da Kura da fadamun Kebbi. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifins ta yaɗa dabarar barin gona ta tsane lokaci zuwa lokaci: ana kafa guntun bututu mai huda a cikin gona, idan ruwan da ke cikinsa ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sai a sake ban ruwa, ban da lokacin fitar fure da ake barin ruwa a kwance. Wannan yana rage metan sosai, yana kuma rage wa manomi kuɗin man injin ban ruwa. Takin zamani kuwa wata iska yake fitarwa, naitiros, wadda tan ɗayanta ake lissafa shi daidai da tan 265 na kabon, kuma ƙa'idar ita ce kimanin kashi 1 cikin 100 na sinadarin naitirojin da aka zuba a gona yana tashi a wannan siffa. A nan Amurka da Sin da Indiya ne ke gaba, manomin Afirka kudu da Sahara kuwa yana zuba taki ƙasa ƙwarai da matsakaicin na duniya.

Game da jadawalin, ki bar kason a shafi na farko, ki ƙara shafin adadin tan miliyan, sannan shafin abin da ya faɗa kan kowane mutum ɗaya. Idan aka raba shi da yawan jama'a, hayaƙin noma na Niyu Zilan ya kai kimanin tan 8 ga kowane mutum a shekara, na Ayalan kimanin tan 4 ne, na Amurka bai kai tan 2 ba, na Indiya kuma bai kai rabin tan ba. Sai ki yi alama a gefen kowace ƙasa da ke nuna ko an haɗa daji ko ba a haɗa ba, da shekarar lissafin. Tun daga ƙarshen Disamba na 2024 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Faris suka fara miƙa rahoto duk shekara biyu bisa tsari ɗaya da ma'auni ɗaya, don haka idan kin samu na ƙasashen da ke jadawalinki, su ne suka fi dacewa ki ɗauki alƙaluma daga cikinsu.